MAI SAURARO KO MAI MULKI: WA KE RIƘE DA AKALAR GIDAJEN WATSA LABARAI?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun hira na Ƙaraye da Rogo da ƙauyukan da ke kewaye da su, musamman idan aka wayi gari wani shiri da jama'a suka saba ji a rediyo ya ɓace, ko aka sauya masa lokaci, ko aka ɗauke mai gabatar da shi ba tare da wani bayani ba. Wasu sukan ce ai maganar ciniki ce kawai, domin gidan rediyo kanti ne kamar kowane kanti, hajar da masu saye suke nema ita ake bazawa, wadda ta yi kwantai kuwa a sauke ta. Wasu kuma sukan girgiza kai su ce ruwa ba ya tsami banza, lalle akwai wani babba da maganar ta taɓa, shi ya sa aka ja wa masu gidan kunne.

Gardama ce da ta cancanci a tsaya a duba ta da idon basira. Manomin da ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana noman masara a ƙasar Rogo, da mai noman rani ko masuncin da ke bakin Dam ɗin Challawa, da uwargidan da ke sauraro tana aikin gida, duk suna da hakkin su san wanda ya zaɓa musu abin da yake shiga kunnuwansu. Da abin da suka ji ne za su yanke shawarar kasuwar da za su kai amfanin gona, da ko za a kai yaro allurar rigakafi, da kuma wanda za su jefa wa ƙuri'a ranar zaɓe.

Idan aka bi tarihi, aka kuma bi sawun kuɗin da gidajen nan suke rayuwa da su, za a tarar kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, amma rabon bai zo daidai ba. Mai sauraro yana da ƙarfi ƙwarai a kan abin da ya shafi nishaɗi, watau waƙa da wasan kwaikwayo da gaishe-gaishe. Amma a kan labarin mulki da dukiyar jama'a, da kuma maganar a buɗe gida ko a rufe shi, mai mulki da mai kuɗin siyasa su ne suke da ta cewa. Dalilin kuwa a fili yake: mai sauraro ba ya biyan ko kwabo, masu iya magana kuwa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

ASALIN ABIN

Sanin kowa ne cewa manyan kafofin watsa labarai na Arewa ba 'yan kasuwa ne suka kafa su don neman riba ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairu na 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, Gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, a daidai lokacin da yaƙi yake ƙaratowa, tana bukatar hanyar da za ta isar da tata maganar ga talakawa ta kuma kashe jita-jita. Gidan Rediyo da Telebijin na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da jaridar New Nigerian da ta fara fitowa ran 1 ga Janairu, 1966, Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa su domin Arewa ta sami bakin da za ta mayar wa jaridun Kudu martani. A 1975 Gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓe New Nigerian baki ɗaya, ta kuma karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times ta Ikko.

A nan Jihar Kano ma haka abin ya kasance. Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, wanda ya yi mulki daga 1979 zuwa 1983 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya ga kafofin Gwamnatin Tarayya suna hannun abokan hamayyarsa na NPN, sai ya kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya riƙa buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, ya kuma kafa gidan telebijin na CTV wanda daga baya aka sa wa sunansa. Babu wanda ya fita ya ƙidaya masu saye kafin a aza harsashin waɗannan gidaje. Bukatar siyasa ce ta haife su.

Wannan bai hana su yi wa jama'a amfani ba. Malam Abubakar Imam ya buɗe shafin wasiƙu, malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suka riƙa aiko da koke-kokensu, har jaridar da aka kafa don gwamnati ta yi magana da talaka ta zama hanyar da talaka yake magana da gwamnati. Alfijir ta kai labarin duniya ga almajirai da malaman zaure waɗanda ba su yi boko ba. Amma abin da siyasa ta haifa, a hannun siyasa ransa yake. New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo, bayan an mayar da su hannun jihohin Arewa, sun yi ta fama da rashin kuɗi da bashin albashi har suka daina fitowa yadda aka san su. A watan Oktoba na 2012 Gwamnatin Jihar Kano ta Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta rufe kamfanin Triumph, gwamnatin da ta biyo bayanta kuma ta sake buɗe shi. Ba a tambayi mai karatu na Ƙaraye ranar da aka kafa kamfanin ba, ba a tambaye shi ranar da aka rufe ba, haka kuma ranar da aka sake buɗewa.

WA KE BIYA?

Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan tsohon zance ne, tun daga 1992 da Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Doka mai lamba 38, wadda ta ba 'yan kasuwa damar mallakar gidajen rediyo da telebijin, kasuwa ta karɓe ragama. Gaskiya ne an sami sauyi babba. Da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a ƙarshen 2003, jama'a suka ji irin maganganun da ba su saba ji a gidan gwamnati ba, suka karkata gare ta, har ya zama tilas ga tsofaffin gidaje su gyara tafiyarsu. Bayanta wasu gidaje masu yawa suka biyo, irin su Rahama da Dala da Express da Arewa da Vision. Wannan nasara ce ta mai sauraro, ba kuwa za a raina ta ba.

To amma a duba yadda gidan rediyo yake samun abin da zai riƙe kansa. Yana da albashin ma'aikata, da kuɗin man dizal na injin wuta wanda kusan ba ya hutawa, da gyaran na'urori waɗanda sai an sayo su daga ƙasashen waje, da kuɗin lasin. Mai sauraro bai sa hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, iyakarsa ya sayi batir ko ya yi cajin wayarsa. Kuɗin suna fitowa ne daga wurare uku: kamfanoni masu talla, da gwamnatoci masu sanarwa, da 'yan siyasa masu sayen fili. Jarida ma haka take, domin kuɗin da ake sayar da kwafi ɗaya bai isa ya biya takarda da tawada da jigila ba, shafukan talla da na taya murna su ne suke cike giɓin.

Kamfani mai talla, ko na wayar salula ne ko na sabulu ko na ɗanɗanon miya, yana son shirin da mutane da yawa suke ji, a nan ne zaɓin mai sauraro yake shigowa. Sai dai ba kowane kunne ne yake da daraja ɗaya a wurinsa ba. Ya fi son kunnen mutumin birni wanda yake kusa da kanti, yake kuma da kuɗi a hannu kowane wata, a kan na manomin da kuɗinsa yake zuwa da kaka. Yawancin gidajen da ake kamawa a Ƙaraye da Rogo suna cikin birnin Kano ne ko Kaduna ko Zariya, kuma tura wakili ya kwana biyu a ƙauye yana bincike a kan rabon takin zamani ko asibitin da ba shi da magani abu ne mai cin kuɗi wanda babu mai tallan da zai biya. Saboda haka ko a inda aka ce kasuwa ce take hukunci, mutumin karkara yana can ƙarshen layi.

Ɗan siyasa kuwa ba ya jiran a auna masa yawan masu sauraro. Yakan biya kuɗin fili, ya turo masu magana da yawunsa, waɗanda jama'ar Kano suka laƙaba wa suna sojojin baka, su yabe shi su kuma soki abokin hamayyarsa. Babu musu jama'a suna jin daɗin irin waɗannan shirye-shirye, ana taruwa a saurare su a teburin mai shayi, a kwashe da dariya, a yi ta maimaita habaicin har washegari. Wannan ne ya sa masu gidajen sukan ce abin da jama'a suke so ke nan. Amma hanyar gane gaskiya mai sauƙi ce. Da za a daina biyan kuɗin filin, jama'a kuma su ci gaba da son shirin, kwana nawa zai ƙara a kan iska? Da kuma za a ci gaba da biya, jama'a su gaji da shi, wane manaja ne zai mayar da kuɗin?

Mutanen Ƙaraye sun ga misalin wannan da idonsu. A watan Mayu na 2019 Gwamnatin Dokta Abdullahi Umar Ganduje ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye. A watan Mayu na 2024 Gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, sa'an nan a watan Yuli na wannan shekara ta kafa masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Ƙananan Hukumomin Ƙaraye da Rogo. A tsawon waɗannan shekaru biyar sunan Ƙaraye bai bar bakin masu magana a rediyo ba, masu goyon baya da masu suka kowa yana ambatonsa, domin manyan 'yan siyasa suna da abin da za su samu ko su rasa a cikin maganar. Hanyoyin ƙauyuka da damina ke yankewa, da farashin taki, da matsalar masu noman rani, suna nan kafin rigimar, suna nan kuma bayanta, amma ba su taɓa samun ko kusa da wannan fili ba. Abin da ya bambanta su shi ne maganar masarauta tana da masu biya mata, maganar manomi kuwa ba ta da su.

INDA MAI KALLO YA YI RINJAYE

Adalci ne a faɗi inda zaɓin jama'a ya nuna ƙarfinsa. Sana'ar finafinan Hausa, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ba gwamnati ce ta kafa ta ba, kuma mai kallo ne yake zaro kuɗinsa ya sayi kaset. Malamai da dattawa sun daɗe suna sukar rawa da waƙa a cikin finafinan, amma masu shiryawa suka ga fim mai waƙa shi ne yake tashi a kasuwa, sai suka bi masu saye. Haka littattafan soyayya na kasuwar Kano suka bunƙasa da kuɗin 'yan mata da matan aure, ba tare da tallafin wata hukuma ba.

Duk da haka hannun hukuma bai yi nisa ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007, zamanin Gwamna Malam Ibrahim Shekarau, an dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, aka tsaurara sharuɗɗa, a 2008 kuma aka ɗaure Alhaji Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim. Masu sana'ar da dama suka koma Kaduna da Jos. Mai kallo kuwa bai sauya abin da yake so ba, ya koma kallon finafinan Indiya da aka fassara da Hausa, daga baya kuma ya koma finafinai masu dogon zango a tashar Arewa24 da YouTube, inda ake tura su daga waya zuwa waya har cikin ƙauyuka. A watan Mayu na 2025 hukumar ta ba da sanarwar dakatar da irin waɗannan finafinai guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, sai an kawo mata su ta tace. Darasin da ke ciki shi ne hukuma tana iya tsayar da sana'a, tana iya korar masu ita daga gari, amma ba ta iya sauya wa mutane abin da ransu yake so. Inda mai kallo yake biya da kansa, ko yake da hanyar da za a ƙirga shi, maganarsa tana da nauyi.

INDA BA A TAMBAYARSA

A kan maganar ran gida kuwa, yawan masu sauraro bai taɓa zama garkuwa ba. Sashen Hausa na Muryar Amurka ya fara aiki a 1979, ya tara masu sauraro masu ɗimbin yawa a Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan wani umarni na rage hukumar da ke kula da gidan, masu sauraro suka murɗa akwatinsu a lokacin da suka saba suka tarar babu shirin. Ba su ne suka guje shi ba. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin soja ta dakatar da Rediyon Faransa a watan Agusta na 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a watan Disamba na 2024, alhali mutanen Maraɗi da Damagaram ba su ce sun gaji da su ba.

A gida Nijeriya ma tarihi cike yake da irin wannan. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara ɗaya a ƙarƙashin Doka mai lamba 4. A 1994 Gwamnatin Janar Sani Abacha ta rufe Guardian da Punch da Concord, dukkansu kuwa suna da kasuwa a lokacin. Zuwan mulkin farar hula a 1999 ya rage kulle ƙofa da ƙarfin bindiga, amma ya bar wasu igiyoyi. Sashe na 39 na Tsarin Mulki ya tanadi cewa babu mai mallakar gidan rediyo ko telebijin, in ban da gwamnati, sai wanda Shugaban Ƙasa ya amince masa. Hukumar NBC mai kula da gidajen ta ci tarar gidaje 45 Naira dubu 500 kowannensu a watan Maris na 2019. A 2022 ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM, ta kuma ci Trust TV tarar Naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindiga. A watan Mayu na 2023 ne wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa hukumar ba ta da ikon cin tara, domin wannan aikin kotu ne.

Mafi wuyar ganewa shi ne matsin da ba ya barin sawu. Babu bukatar a aika ɗan sanda idan ana iya janye sanarwar gwamnati daga gida, ko a riƙe kuɗin tallan da aka riga aka yi har wata da watanni, ko a tuna wa mai gida cewa lasinsa ya kusa ƙarewa, ko kuwa yana da wata kwangila da take jiran sa hannu. Manajan da ya ga albashin ma'aikatansa yana rawa ba sai an ce masa komai ba, shi da kansa zai kira mai gabatar da shiri ya ce a sassauta. Idan kuma aka tambaye shi, sai ya ce shirin ne ba ya kawo kuɗi, kuma bai yi ƙarya ba, domin an riga an toshe hanyar da kuɗin suke biyowa. Ta haka ne hukuncin siyasa yake fitowa sanye da rigar ciniki. A watan Mayu na 2025, da Ma'aikatar Watsa Labarai ta Jihar Kano ta ba da sanarwar dakatar da shirye-shiryen siyasa na kai tsaye, an bayyana shi a matsayin matsayar da aka cimma a taro da shugabannin gidajen, domin a magance zage-zage da cin mutunci. Ko da an yarda manufar mai kyau ce, mai hankali zai tambaya: shugaban gidan da yake jiran kuɗin sanarwa daga gwamnati, yaya zai ce a'a a irin wannan taro?

BA DUK TSAWATARWA CE ZALUNCI BA

Kada a ɗauka cewa duk abin da jama'a suke so alheri ne, ko duk abin da hukuma ta hana zalunci ne. A Ruwanda, a 1994, wani gidan rediyo mai farin jini ne ya riƙa zuga mutane su kashe maƙwabtansu. A Kano, a watan Fabrairu na 2013, bayan an harbe ma'aikatan allurar shan-inna guda tara, hukuma ta dakatar da lasin Wazobia FM saboda wani shiri da aka yi kwanaki kaɗan kafin nan wanda ya soki rigakafin. Har yanzu ana iya saɓani a kan ko hukuncin ya dace, amma babu mai cewa maganar da ta shafi rayukan yara da na ma'aikata abar wasa ce. Haka kuma zagin iyaye da ƙazafi da ake yi da sunan siyasa abu ne da addini da al'ada suka yi tir da shi, ko da kuwa ana jin daɗin saurarensa. Masu gidajen ma ba su kuɓuta daga laifi ba, domin wasu sukan fake da cewa an matsa musu alhali kwaɗayi ne ya ja su, wasu kuma sukan bar mai maganin gargajiya ya yi alkawarin warkar da kowace cuta muddin ya biya.

Abin da ake nema shi ne tsawatarwa ta zama bisa doka rubutacciya wadda ta hau kan kowa, a yi ta a fili, kotu ta yanke hukunci, wanda aka hukunta kuma ya sami damar ɗaukaka ƙara. Sashe na 22 na Tsarin Mulki ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin bin kadin yadda gwamnati take riƙe amanar jama'a. Ba zai yiwu wanda ake bin kadinsa ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai biyan albashin wanda ake ƙara ba.

ABIN YI

Mai sauraron da yake son ya gane abin da ya kashe shirin da yake so yana iya yi wa kansa tambayoyi uku. Shin shirin yana da masu talla da masu bugo waya har zuwa ranar da aka cire shi? Wace magana aka yi a cikinsa a makonnin ƙarshe, wa kuma ta taɓa? Shin gidan ya fito fili ya faɗi dalili, ko shiru aka yi? Idan shiri yana cikin ganiyarsa, ya taɓo wani babba, aka ɗauke shi ba bayani, to biri ya yi kama da mutum.

Ga masu gidajen, wajibi ne duk shirin da aka sayi filinsa a faɗi sunan wanda ya saya a farkonsa da ƙarshensa, domin mai sauraro ya bambance labari da talla. Ga gwamnatoci, ya kamata rabon sanarwa ya bi ƙa'ida sananniya wadda kowa zai iya dubawa, a kuma biya bashi a kan lokaci, ba tare da duba wanda ya yabi gwamnati ko ya soke ta ba. Gidajen da gwamnati ta mallaka kuwa, rediyo ne ko telebijin ko jarida, da harajin kowa ake riƙe su, na mai goyon baya da na ɗan hamayya. Ya dace Majalisar Dokoki ta tanadar musu kasafi tsayayye da hukumar gudanarwa mai wa'adi, yadda edita zai buga koken talaka ba tare da tsoron takardar sallama ba. Gwamnan da ya yi haka ya yi wa kansa tanadi, domin wata rana shi ma zai zama ɗan hamayya mai neman inda zai yi magana.

Babban aikin kuwa yana kan mutanen Ƙaraye da Rogo su da kansu. Tunda an gane cewa mai biya shi ake saurara wa, to babu abin da zai hana ƙungiyoyin manoma da na masu noman rani da na masunta da ƙungiyoyin ci gaban gari su haɗa ɗan abin da ya sauwaƙa su sayi rabin sa'a a mako, a yi maganar taki da iri da ruwan dam da hanya da asibiti, a gayyato Shugaban Ƙaramar Hukuma da ɗan majalisa su amsa tambaya. Abin da ɗan siyasa ɗaya yake iya biya, ƙungiyoyi ashirin ba za su kasa ba, hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Nan gaba kuma ana iya neman lasin rediyon al'umma. Maƙwabciya Nijar ta fara irin wannan tun 1999 a garin Bankilare, ta kuma kai ga samun fiye da ɗari, Nijeriya ma ta ba da rukunin farko na irin wannan lasin a 2015. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a bar wani attajiri ko mai neman kujera ya ɗauki nauyinsa shi kaɗai, in ba haka ba an gudu ne ba a tsira ba.

Har ila yau, rubuta wasiƙa da buga waya da zuwa ofishin gidan rediyo a ƙungiyance a nemi bayani duk suna da tasiri, domin babu manajan da yake son mai talla ya ji cewa jama'ar yanki guda sun juya masa baya. Waɗanda suka riƙa aika wa Malam Abubakar Imam wasiƙu shekaru fiye da 80 da suka wuce ba su fi mutanen yau ilmi ko hali ba, naci kawai suka yi har aka saba da jin muryarsu. Muddin mutumin karkara ya tsaya a matsayin mai karɓar abin da aka ba shi kyauta, za a ci gaba da yanke hukunci a bayan idonsa, sa'an nan a ce masa shi ne ya zaɓa. Allah Ya ba shugabanni ikon jure gaskiya, Ya ba 'yan jarida ikon faɗinta, Ya kuma ba talakawa ikon tsaya mata.